Na shiga rediyo na yi bayanin bincikena, ko surukata ba ta gane ba

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in amayar da shi a nan ko na samu sauƙi. Waɗanda suka san ni sun san shekarata uku ke nan ina fama da digiri na uku a kan ƙwaron da ke cin wake a ajiya. To, wani gidan rediyo ya gayyace ni shirin manoma, minti 30, ana bugo waya. Kwana biyu na yi ina shiri, na cika shafi huɗu. Ana buɗe mini makirfo na fara da sunan ƙwaron na boko, Callosobruchus maculatus, na gangara kan yadda muka tsara gwaji da sau nawa muka maimaita. Ina hangen mai gabatarwa tana ta juya yatsa a iska, ni a zatona cewa take in ci gaba, ashe cewa take in taƙaita.

Can sai wani dattijo ya bugo, ana jiyo kukan awaki a bayansa. Ya ce, "Malama, ni buhu shida na samu bana. In zuba magani ko kar in zuba?" Na ce masa, "To Baba, ya danganta." Kafin in jero abubuwan da ya danganta da su layin ya yanke. Ko kati ne ya ƙare ko shi ya kashe, Allah masani.

Da na dawo gida surukata ta ce, "Madalla, muryarki ta fita tar. To amma me kika ce a yi da waken?" Wallahi wannan ta fi mini ciwo a kan duk jan biron da malamina ya taɓa yi mini. Ku da kuka riga mu, yaya ake yi mutum ya faɗi abin da ya gano yadda za a gane, ba tare da ya yi ƙarya ba?

Ɗan Dawanau:
Wa alaikumus salam. Hajiya ai na ji shirin, a shago muke. Yaron shagona ya ce wannan sunan da kika kira ko na wani ɗan ƙwallon Girka ne.

Maman Sadiq:
Alhaji kai ma har da kai? Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Dakta Mai Alli:
Ni ban ga laifinki ba ko kaɗan. "Ya danganta" ita ce amsar gaskiya. Wane magani? Waken ci ne ko na iri? Ya bushe ko da sauran danshi? Wata nawa zai ajiye? Duk wanda ya ce wa mutumin nan "zuba" ko "kar ka zuba" kai tsaye bai san waɗannan ba, to caca ya yi da abincin iyalinsa. Abin da ke ba ni tsoro da wannan kiran na "a sauƙaƙa, a sauƙaƙa" shi ne daga sauƙaƙawa ake zarcewa zuwa ƙarin gishiri. Mai bincike zai rubuta cewa abu ya rage ɓarna a yanayi kaza, kafin ya iso jarida ya koma "an gano maganin ƙwari", kafin ya iso WhatsApp ya koma yana warkar da basir. Aikinmu mu yi bincike mu wallafa. Isarwa aikin malaman gona ne, don haka aka kafa irin su NAERLS, cibiyar isar da binciken noma ga manoma, a Zariya.

Baba Malamin Gona:
Dakta, ranka ya daɗe, na ji ka ambaci sana'armu, bari tsoho ya sa baki. Shekara 33 na yi a wannan aiki kafin in ajiye. Maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ka bar baya da ƙura. Malamin gona nawa ne suka rage a ƙaramar hukumarku? Wanda ya rage ɗin yana da man babur? In kuka wallafa a mujallar da sai an biya dala kafin a karanta, da Turancin da ni kaina sai na ɗauko ƙamus, ta wace ƙofa zai iso wurina balle ya isa wurin mai buhu shida?

'Yata Maman Sadiq, bari in ba ki labarin buhun PICS, buhun ajiyar nan mai leda biyu a ciki, tunda a kan wake kike, kin san shi a takarda, ni na san shi a dandali. Asalin binciken na jami'ar Purdue ne ta Amurka, su Farfesa Larry Murdock, tare da masu bincike a Marwa ta arewacin Kamaru, tun ƙarshen shekarun 1980. Abin ya daɗe a kwance, sai daga 2007 aka samu kuɗin yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka. Da aka zo yaɗawar ba lacca aka ce mu yi ba. Cewa aka yi mu je ƙauye bayan girbi, mu nemi mutum biyar ko shida su kawo waken kansu, ba namu ba. A gaban mai gari da liman da matan gari za a zuba a leda ta farko, a matse iska, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure, a ɗaure leda ta biyu daban, sannan buhun waje. Kowa ya ɗauki kayansa ya kai ɗakinsa. Sai bayan wata huɗu ko fiye mu dawo, a yi shela, a taru a buɗe.

Ba na manta wata buɗewa da muka yi. Akwai wani dattijo da tun ranar farko yake cewa leda za ta dafa waken, zai yi gumi ya ruɓe. Ranar buɗewa shi ya fara zuwa, ya zauna a gaba da sandarsa, ya zo ganin kunyarmu. Aka fara kwance buhun da aka bari haka nan ba leda, ƙwari suka tashi, ƙasan buhun duk gari. Aka kwance mai leda, matar da ke da waken ta cusa hannu har gwiwar hannu ta ɗebo daga tsakiya, don kar a ce na sama aka gyara. Tas. Dattijon nan ya karɓi ƙwaya ɗaya ya sa a baki ya fasa da haƙori, ya duba cikinta, ya ƙara ɗaukar wata. Bai ce mana uffan ba. Da za mu tafi sai ga jikansa ya biyo mu da gudu wai a ina ake sayar da buhun.

A ranar nan duka maganar da na yi ba ta wuce wannan ba: ƙwaro ma numfashi yake yi kamar ni da kai, in ka toshe masa iska ya gama yawo. Sauran, gani ya kori ji.

Dakta Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ka ga abin da nake faɗa, ko wannan jimlar taka ba ta cika daidai ba. Binciken da su Murdock suka fitar a 2012 ya nuna ba shaƙewa kawai ke kashe ƙwaron ba. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da inda za ta sha ruwa, yawancin ruwan jikinta tana samunsa ne in ta sarrafa abincin da ta ci da iskar oksijin. In oksijin ya yi ƙasa a cikin leda sai ta daina ci, ruwan ya yanke, ta bushe. Wato ƙishirwa ce ke ƙarasa ta.

'Yar Rediyo:
Tsaya Dakta, tsaya! Ƙishirwa? To ai wannan shi ne labarin! Me ya sa kuke ɓoye irin wannan a shafi na tara? In na buɗe shiri na ce, "Ko kun san ƙwaron wake ƙishirwa ce ke kashe shi a cikin leda?" wallahi ko mai shayi sai ya ƙara murya. Kai da ka zo kare tsantsar ilimi, ga shi ka ba mu kanun da ya fi na Baba daɗi, kuma ba ƙarya a ciki.

Dakta Mai Alli:
Ban yi niyya ba.

'Yar Rediyo:
Maman Sadiq, ba ni na gabatar da shirinku ba, amma yatsan nan da aka juya miki na san shi, ni ma ina juya wa baƙi. Abin da baƙi 'yan boko ba sa ganewa shi ne mai sauraro ba zaune yake da biro ba. Tana tankaɗe, yana kan babur, yaro na kuka. Ba zai iya komawa baya ya sake ji ba. In kin ba shi abu bakwai, babu wanda zai riƙe. Kuma ki daina farawa da yadda kika yi aikin. A jami'a ne ake fara tambayar "ta yaya kika sani", a rediyo "me zan yi" ake fara tambaya, in an ji amsar sannan a nemi hujja.

Ku tuna daren wankan gishiri na watan Agustan 2014, da aka yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na hana Ebola. Ni ƙarfe huɗu na asuba mahaifiyata ta tashe ni a waya. Saƙon ƙarya ne tsagwaronta, har rayuka ya ci, amma ku dubi ƙirarsa: gajere ne, ya faɗi abin da za a yi, kayan aikin na cikin kowane kicin, kuma daga bakin wanda ke ƙaunarka ya fito. Cikin dare ɗaya ya gama ƙasar. Mu kuma masu gaskiyar sai da gari ya waye muka fara neman wanda zai sa hannu a sanarwa.

Game da "ya danganta" kuwa, Dakta ya yi gaskiya cewa ya danganta ɗin. Kuskurenki kawai kin riƙe dogaron a bakinki. Da sai ki mayar masa da tambaya: "Baba, a ina za ka ajiye, ɗakin da ake kwana ko sito? Ci za ku yi ko sayarwa?" Amsa biyu zai ba ki, rassan nan duk su zube, ki ba shi amsa ɗaya tak wadda ta dace da shi.

Maman Sadiq:
Anti wannan ta shige ni. Don da ya ce mini a gida zai ajiye kuma ci za su yi, amsar ba ta da wani reshe: kar ya zuba komai, ya busar da shi sosai ya sa a buhu mai leda biyu ko jarka ko duro mai murfin da iska ba ta shiga. Sniper da fiya-fiya ba a yi su don abinci ba sam. Ƙwayar nan da ake kira bom kuma hayaƙi mai guba take fitarwa, aikin sito ce a hannun wanda ya iya, ba ta ɗakin da yara ke kwana ba. Na san duk wannan, amma a lokacin tsoron kar wani malamina yana saurare ya ce na yi sakin baki ya fi ƙarfina.

Baba Malamin Gona:
To kin ga, ba da dattijon kike magana ba ke nan. Da malaminki kike magana, dattijon ya biya kuɗin kati.

Ɗan Dawanau:
Yanzu bari in yi magana ta gaske, wasa a gefe. Kuna ta cewa ba mu gane ba, ba mu gane ba. Mu a kasuwa mun gane buhun nan sarai. Ba fahimta ce matsalarmu ba. Na ɗaya, mai saye daga Legas ko Onica ba zai biya kuɗin tirela bai ga kaya ba. Ƙarfe zai soka a buhu ya ɗebi samfur, wannan ya soka, wancan ya soka. Huda ɗaya ta kashe ledar, kuɗinka ya tafi. Na biyu, 'yan dako jifa suke yi da buhu, ba lallashinsa suke ba. Na uku, mai buhu shida daban, mai buhu ɗari biyar daban, ku lissafa kuɗin leda sau ɗari biyar ku kwatanta da kuɗin magani. Na huɗu, jabu ya cika gari, leda sirirya kamar ta ƙunshin ƙosai, mutum ya saya ta ba shi kunya ya ce duk ƙaryar 'yan boko ce.

Wata rana wasu masu bincike suka zo mana da takardar tambayoyi, muka bar ciniki muka zauna da su kusan awa biyu. Duk wannan na faɗa musu. Yarinyar da ke rubutawa ta ce babu gurbinsa a takardar, sai dai in zaɓa tsakanin "na sani" da "ban sani ba". Har yau ba mu sake ganinsu ba, ba mu kuma ji abin da suka gano ba.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Alhaji maganar soka ƙarfen nan ban taɓa sa ta a lissafi ba, kuma shekara uku ina wannan aiki. A ɗakin gwaji ba wanda ke soka wa kwalbata ƙarfe.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Maganar Alhaji ta tuna mini abin da ya faru a wajenmu. Sanda ake ta dasa itace a Nijar suna mutuwa, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse sauran, itace zai tashi ba tare da ka dasa ko ka yi ban ruwa ba. A takardun Faransanci sunan abin dogo ne, amma a bakin manoma "sassaben zamani" ne. Kun ga hikimar? Ba a ce masa ga sabon abu daga waje ba, an ce sassaben da ka gada ne, gyara kaɗan aka yi masa. Gawo kuwa ba sai an yi wa manomi lacca ba, ya san yana zubar da ganye da damina, ya san hatsin gindinsa ya fi kyau.

Abin dariyar shi ne daga baya manoma suka riƙa koya wa juna, masana ba su san girman abin ba sai a shekarun 2000 da aka duba hotunan sama, aka ga wajen hekta miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram, ana ƙiyasin itace miliyan 200. Wannan karon masu binciken ne labari bai isa wurinsu da wuri ba.

Mai Tambaya:
Duk na karanta. Amma ni akwai abin da ke damuna da wannan "dabarun isar da saƙo". In kun ƙware wajen sa mutane su yarda, wa zai tabbatar mana abin da kuke sa su yarda da shi alheri ne? Ga waken nan da aka canza wa halitta, ana ta tallarsa da daɗin baki. Mu mutanen Kano ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, aka ba wajen rabinsu shi, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Shi ya sa da aka zo da rigakafin shan inna a 2003 mutane suka ƙi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dakta Mai Alli:
Malam, tambayarka halas ce, kuma ba zan ce maka tsoron ba shi da tushe ba. Amma ka ƙarasa labarin. Dakatar da rigakafin ya sa cutar ta bazu har wasu ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Kano ta dawo da shi a watan Yulin 2004 bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya. Abin da ya gyara lamarin daga baya sarakuna ne da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida, har aka kai 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Waken kuma bari in faɗi abin da yake yi da abin da ba ya yi. SAMPEA 20-T sunansa, a cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru aka samar da shi ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aiki na waje, hukuma ta amince da shi a 2019. An sa masa ƙwayar gado ɗaya daga wata bakteriyar ƙasa, wadda ke sa tsutsar Maruka mai cin fure da kwanson wake ta mutu in ta ci. Amfaninsa, maimakon feshi shida zuwa takwas, biyu sun isa. Ba ya hana sauran ƙwarin gona masu tsotsa, shi ya sa feshi biyun. Ba ya hana ƙwaron ajiya na Maman Sadiq ko kaɗan. Kuma irinsa na tsirowa in ka ajiye ka sake shukawa, saɓanin abin da ake yaɗawa. Duk wanda ya ce maka "ba ya buƙatar magani" ya yi maka ƙarya, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ranar da manomi ya ga ƙwari a gonarsa mu duka za mu biya bashin wannan ƙaryar.

Baba Malamin Gona:
Dakta ka ga yanzu ka yi bayani tsaf da Hausa, ba wanda ya mutu. Amma kalmar "canza halitta" ɗin nan ku sake mata tunani. Bahaushe in ya ji ta, ba gona yake tunawa ba, wa'azi yake tunawa. Kun sa wa abu sunan da tun kafin ku buɗe baki an riga an yanke masa hukunci.

Mai Tambaya:
To Baba a ce mene? In an sauya sunan don kar mu tsorata, ai yaudarar da nake gudu ke nan.

Baba Malamin Gona:
A'a ɗana, ban ce a ɓoye ba. A faɗi abin da aka yi filla-filla kamar yadda Dakta ya yi yanzu: ga abin da aka ɗauko, ga inda aka ɗauko shi, ga abin da yake yi. Sannan a bar ka da zaɓinka. Ni kaina ban samo kalma ɗaya da ta gamsar da ni ba.

Mai Tambaya:
Ni dai har yanzu ba zan shuka ba. Amma na ji daɗi da aka faɗi abin da ba ya yi, ba a taɓa faɗa mini wannan ɓangaren ba.

Sista Nas:
Ina ta karatu ina shiru, aiki ya riƙe ni. Ni ba manomiya ba ce, amma na ga irin wannan a gubar dalma ta Zamfara. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, daga baya Bagega. Wajen yara 400 aka rasa. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki. Sakamakon gwajin jini yana fitowa da lamba, likita ya gani hankalinsa ya tashi, amma uwa in ka ce mata lambar ɗanta ta kai kaza me ka faɗa mata? Ita jijjiga ta gani, ta ɗauka zazzaɓi ne ya hau kai ko iska ce.

Kuma maganar Alhaji ta kasuwa ita ce dai a can. Duk wanda ya zo da "ku daina haƙar zinare" an daina sauraronsa, wasu ma ɓoye rashin lafiyar suke don kar a hana su abin da suke ci da shi. Abin da ya shiga kunne shi ne wanda mutum zai iya yi gobe da safe: kar dutsen ya shigo gida, a niƙa shi can bayan gari, ka wanke jiki ka sauya kaya kafin ka ɗauki ɗanka. Da aka zo kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, mutane suka ga da idonsu cewa ƙasar ce ake nufi. Maigida daban ake masa magana, uwa daban, mai gari daban, kuma ba a yi wa ɗayansu ƙarya ba.

Ɗan Sakatariya:
Ku ƙara da namu ɓangaren, tunda ba wanda ya ambata. Maman Sadiq, in kin gama kundin nan kika kawo shi ma'aikata mai shafi 200, na rantse miki ƙarƙashin teburin wani zai ƙare. Oga shafi ɗaya yake karantawa, shi ma a mota. Ƙishirwar ƙwaro ba ta dame shi ba. Ki ce masa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin DDVP, maganin ƙwarin da ke cikin Sniper, ya wuce iyakarsu ta miligiram 0.01 a kilo, ki tuna masa bidiyon 2018 na masu zuba Sniper a wake da ya tada ƙura a ƙasar nan. Sannan ki rubuta abu ɗaya da kike so ya sa wa hannu, da nawa zai ci. In babu layin "nawa zai ci", takardar ba ta da uba.

Maman Sadiq:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Na kira mai shirin na roƙi a sake ba ni dama, ta ce in zo Asabar ta sama, amma minti goma kawai. Ga abin da na rubuta, ku duba mini:

"Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar, ba lallai ka lura ba. Cikin kamar wata ɗaya ya ƙyanƙyashe ya girma ya sake yin wasu, shi ya sa buhu ke zama gari. In waken ci ne a gida, kar ka zuba masa magani. Busar da shi har in ka ciza ya fashe ƙas. Zuba a buhu mai leda biyu, ka fara hura ledar ka tabbata ba ta yoyo. Matse iska, ɗaure kowace leda daban. Ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kar ka buɗe sai ranar da za ka ɗiba. Iska za ta ƙare wa ƙwarin, ƙishirwa ta kashe su duka."

Dakta Mai Alli:
Cire "duka". In ya buɗe ya ga guda biyu na motsi a bakin leda, ya gama yarda da ke. Ki ce ɓarnar za ta tsaya.

'Yar Rediyo:
Na yarda da Dakta a wannan. Kuma ki ɗauko ƙishirwar ki kai ta farko, ita ce ƙugiyar. Ki zo da wake a gwangwani biyu, mai ƙwari da mai kyau, ki girgiza su a gaban makirfo, ƙararsu ba ɗaya ba ce.

Baba Malamin Gona:
Ki ƙara cewa wanda zai riƙa ɗiban na miya kullum ya ware shi daban a jarka, kar ya riƙa kwance babban buhu. Mata ne za su tambaye ki wannan.

Ɗan Dawanau:
Mu kuma 'yan kasuwa an sake tsallake mu ke nan.

Maman Sadiq:
Ba a tsallake ku ba Alhaji, naku ba na rediyo ba ne, don ban da amsar soka ƙarfe tukuna. In ka yarda in zo shagonka ranar Laraba, ba takardar tambayoyi, in zauna in ga yadda ake cinikin. Zan zo da buhu biyu mu cika da wakenka mu ɗaure a gaban yaranka, mu ajiye har bayan sallah.

Ɗan Dawanau:
Ki zo bayan azahar, da safe ba ma jin kira. Waken nawa ne, in ya lalace ke za ki biya.

Maman Sadiq:
Na yarda. Yanzu na karanta wa surukata gyararren, ta ce ta gane, amma wai a ina zan samo mata ledar da ba jabu ba, kuma nawa ne. Alhaji, wannan kai za ka amsa.